Poor Ko Impoverished: Talaka Ne, Ko Talauta Shi Aka Yi?

 Yau aji za mu shiga, ajin nahawun Turanci. Na san da jin an ce nahawu wasu har sun fara hamma, sun tuno bulalar malamin Ingilishi na sakandare. Ku ɗan yi haƙuri ku zauna. Kalma ɗaya tak za mu ɗauka, mu juya ta gaba da baya, kuma kafin mu tashi za ku ga tana da alaƙa da jarrabawarku, da takardar neman tallafin karatunku, har ma da yadda ake ba da labarin yankinmu a duniya.

Kalmar ita ce impoverished. Duk mai karanta rahotannin ƙungiyoyin agaji ko jaridun waje ya sha cin karo da ita, musamman idan ana maganar Arewacin Najeriya ko Nijar ko Chadi. Mafi yawanmu da mun gan ta sai mu ce ai poor ake nufi, wato matalauci, mu wuce. To kusan haka ne, amma ba daidai suke ba, kuma bambancin yana ɓoye ne a cikin azuzuwan kalmomi.

Bari mu ɗan tuna karatun baya. Suna shi ne abin da ake kiran mutum ko abu ko hali da shi. Aikatau shi ne aikin da aka yi ko ake yi. Sifa tana bayyana yadda suna yake. Bayanau kuma yana ƙarin bayani a kan yadda aka yi aikin. Waɗannan huɗun su ne za mu yi aiki da su yau.

Mu fara da poor, tunda ita ce uwar gidan. Poor sifa ce. A poor farmer, manomi matalauci. In za ka kwatanta biyu sai ka ce poorer, in ka kai ƙarshe ka ce poorest. Amma fa tana da ma'ana uku, kuma nan ɗalibai ke zamewa. Ta farko rashin abin hannu. Ta biyu rashin inganci: poor network ba ana nufin layin wayarka ba shi da kuɗi ba ne, sabis ne ba kyau. Poor result, sakamako mara kyau. Ta uku tausayi. Idan Bature ya ga yaro ya faɗi ya ce poor boy, abin da ya faɗa shi ne Allah sarki yaro, ko da kuwa uban yaron shi ne ya fi kowa kuɗi a garin.

Sai wani abu da ke yawan fitowa a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB. Idan ka sa the a gaban poor, ka ce the poor, ta koma tana aikin suna, kuma jam'i ce, wato talakawa gaba ɗaya. Don haka the poor are suffering ake cewa, ba the poor is suffering ba. Ba a ƙara mata s, babu wani abu wai shi the poors a daidaitaccen Turanci. Haka kuma ba a cewa he is a poor a yi shiru. Ko dai ka ce he is poor, ko ka ce he is a poor man. Wannan kuskuren daga Hausa muke ɗauko shi, domin mu a wurinmu talaka suna ne, shi talaka ne, magana ta cika. A Turanci sifa ce, tana neman abin da za ta jingina da shi.

Sunan wannan gida shi ne poverty, wato talauci. Shi ba a ƙirga shi, ba a cewa a poverty ko poverties idan ana maganar rashin abin hannu. They live in poverty, suna zaune cikin talauci. Akwai kuma poorness, amma an fi amfani da ita wajen rashin ingancin abu, ba wajen rashin kuɗi ba.

Bayanau ɗin kuma poorly ne, kuma a nan akwai tarko. Poorly yawanci ba ta nufin cikin talauci, tana nufin ba da kyau ba. He performed poorly, bai taɓuka abin kirki ba. Poorly paid, ana biyansa albashin da bai taka kara ya karya ba. A Ingila ma za ka ji mutum ya ce yana jin poorly, abin nufi ba shi da lafiya.

Yauwa. Yanzu mun iso inda nake so mu tsaya. Aikatau na wannan gida shi ne impoverish, ma'anarsa a talauta. Aikatau ne so-karɓau, wato dole sai da wanda aikin ya faɗa wa, kuma dole akwai wanda ya yi aikin. The flood impoverished the traders, ambaliya ta talauta 'yan kasuwa. Ga aikau, ambaliya. Ga aiki, talautawa. Ga karɓau, 'yan kasuwa. Mutanen Maiduguri da suka ga abin da ya biyo bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau a watan Satumba na 2024 ba sa bukatar a fassara musu wannan jimlar. Siffofinsa su ne impoverish, impoverishes, impoverishing, impoverished. Sunan da aka samo daga gare shi kuma impoverishment, wato talautarwa, aikin mayar da mutum matalauci ko halin da aka jefa shi.

Ku dubi ginin kalmar. A gaba akwai ɗafa-goshi im, wanda a nan yake nufin a jefa cikin wani hali. A tsakiya akwai pover, saiwar da ke ɗauke da ma'anar talauci. A ƙarshe akwai ish. Kada ku haɗa wannan ish ɗin da na childish ko foolish, waɗancan sifofi ne. Wannan irin na finish da punish da nourish ne, aikatau da Turanci ya aro daga Faransanci. Kishiyar impoverish ita ce enrich, a azurta, kuma ginin iri ɗaya ne, en a gaba, rich a baya.

To impoverished fa, wane aji take? Amsa ita ce ya danganta da inda ta zauna a jimla. In ka ce the war impoverished them, aikatau ce a shuɗaɗɗen lokaci, yaƙi ya talauta su. In ka ce they were impoverished by the war, har yanzu aiki ake ba da labari, sai dai an gabatar da waɗanda abin ya faɗa wa, an tura mai aikin baya. In kuma ka ce an impoverished village, ta zama sifa, tana bayyana ƙauyen. Ga dabarar ganewa a ɗakin jarrabawa: in ta zo gaban suna tana siffanta shi, sifa ce. In ta zo bayan mai aiki kuma wani ya biyo bayanta wanda abin ya shafa, aikatau ce. Sannan ba a cewa impoverisheder, sai dai more impoverished.

Ba mutum kaɗai ake siffantawa da ita ba. Impoverished soil, ƙasar noman da ta gaji, an yi ta nomawa ba hutu ba taki har ƙarfinta ya ƙare. Kun ga ko a nan ma akwai tarihi a cikin kalmar. Ƙasar da can tana da albarka, wani abu ne ya tsotse ta.

Wannan shi ne bambancin. Poor tana gaya maka halin da mutum yake ciki, ta yi shiru. Impoverished, ko da tana aikin sifa, daga aikatau aka haife ta, don haka tana tafe da tambaya a bayanta: me ya talauta shi, wa ya talauta shi, yaushe? Bahaushe ya ce ruwa ba ya tsami banza. Impoverished kalma ce da ta yarda da wannan karin maganar.

Abin sha'awa, Hausa tana da wannan tsarin cif. Muna da talauci, suna. Muna da matalauci. Muna da talauce, ya talauce, wato abin ya same shi, ba a ambaci kowa ba. Muna da talauta, an talauta shi, wani ne ya yi. Sannan kamar yadda muke samun dafaffe daga dafa, da gyararre daga gyara, haka za mu samu talautacce daga talauta, talautacciya, talautattu. Dafaffen ƙwai bai dafa kansa ba, wani ne ya ɗora tukunya. To talautaccen gari ma haka. Ashe abin da muke ganin wahalarsa a Turanci, kakanninmu suna yin sa a bakin murhu ba tare da sun san sunansa ba.

Ita kanta kalmar talaka akwai magana a kanta. A tsarin sarauta, talaka shi ne wanda ba ya riƙe da sarauta, wanda ake mulka. Attajirin da ke da shaguna goma a Kantin Kwari, a gaban sarki talakansa ne. Wato asalin maganar matsayi ce a gaban masu iko, kafin ta zama maganar aljihu. Shi ya sa lokacin da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, wadda Malam Aminu Kano ya zo ya jagoranta, da suka ce talakawa ba masu bara suke nufi ba. Suna nufin manoma da masu sana'a da 'yan kasuwa da malaman zaure, masu biyan haraji da jangali amma ba su da ta cewa a yadda ake mulkinsu. In ka fassara talakawa da the poor kawai, ka zubar da rabin ma'anar a hanya. Sannan daga Larabci mun aro fakiri da miskini, waɗanda su ne biyun farko a cikin mutum takwas da aka ambata a Suratut Tauba cewa su ake bai wa zakka, kuma malaman fiƙihu sun daɗe suna tattauna bambancin da ke tsakaninsu. Don haka tantance kalmomin talauci ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Turawan ma aro suka yi. Tsohon Turanci yana da tasa kalmar, earm, 'yar'uwar arm da Jamusawa ke amfani da ita har yau. A 1066 Normawa daga arewacin Faransa, ƙarƙashin William, suka ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da kotu na tsawon ƙarnoni. Ta nan povre ta shigo ta zama poor, poverte ta zama poverty. Su kuma Faransawan daga Latin suka gada, daga kalmar pauper.

Ita pauper ɗin ma tana nan a Turanci, kuma suna ce, ba sifa ba. Labarinta ya isa darasi. A 1601, zamanin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya, Ingila ta yi dokar da ta ɗora wa kowace gunduma ta coci alhakin tara haraji don kula da matalautanta. A 1834 aka sake dokar, aka tsaurara, aka ce mai ƙarfi a jika da ke neman taimako sai ya shiga gidan aikin da ake kira workhouse, inda ake raba miji da mata, a raba iyaye da 'ya'ya. Irin wannan gidan Charles Dickens ya nuna a littafinsa Oliver Twist. Wanda ke karɓar wannan taimako shi ake kira pauper, kuma har zuwa 1918 karɓar taimakon yana iya hana mutum jefa ƙuri'a. Kun gani? Da sifa ce, hali ne da ka iya wucewa. Da aka mayar da ita suna, ta zama hatimi a goshin mutum, har doka ta san shi da ita.

Akwai sauran dangi da ya kamata ku riƙe. Destitute sifa ce, wanda ba shi da komai sam, ba ci ba makwanci, sunanta destitution. Needy, mabukaci. Broke ta hira ce tsakanin abokai, aljihu ya bushe na ɗan lokaci, kamar ɗalibi a ƙarshen zango, kada ku sa ta a takardar hukuma. Sai wadda nake roƙonku ku buɗe kunne a kanta: indigent. Indigent na nufin mara galihu, wanda ba shi da halin biya. Indigene kuma ɗan asalin wuri, irin takardar shaidar da ake karɓowa a ƙaramar hukuma. Kalmomi biyu ne mabambanta, asalinsu ma ba ɗaya ba ne. In ka ga sanarwar tallafi ta ce for indigent students, ana nufin ɗalibai marasa ƙarfi, hujjar rashin hali ake so ka kawo. In ta ce for indigenes, 'yan asalin jihar ake nufi. Harafi ɗaya kacal na iya sa mutum ya haɗa takardun da ba su ake nema ba, ko ya ƙi neman abin da haƙƙinsa ne. Rashin sani ya fi dare duhu.

To me ya sa mai fafutuka irina zai ɓata rabin awa a kan nahawu? Saboda alƙaluma. A watan Nuwamba na 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, ta fitar da rahoton talauci mai fuskoki da yawa, wanda bai tsaya a kan kuɗi kaɗai ba, ya duba lafiya da ilimi da yanayin zama da aikin yi da tsaro. Rahoton ya ce kashi 63 cikin 100 na 'yan Najeriya, mutum miliyan 133, suna cikin wannan hali. Miliyan 86 daga cikinsu a Arewa suke. A jihar Sakkwato adadin ya kai kashi 91, a Ondo kuma kashi 27. Ƙasa ɗaya, tuta ɗaya, kuɗi ɗaya.

Yanzu ka ɗauki waɗannan alƙaluman ka zuba su a jimla biyu. Ta farko: the North is poor, Arewa matalauciya ce. An gama magana, kamar an ce rana tana fitowa daga gabas, sai a yi tagumi. Ta biyu: the North has been impoverished, an talauta Arewa. Nan take mai sauraro zai ce wa, da me, tun yaushe? Daga nan sai a fara lissafi. Masaƙun Kakuri a Kaduna, tun daga KTL da aka kafa a 1957, da masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano, waɗanda suka ciyar da dubban gidaje, yaya aka yi da yawansu suka rufe? Sai a zo kan rashin wutar lantarki, da atamfofin da ake shigowa da su ta bayan fage, da faɗuwar darajar naira tun daga tsarin SAP na 1986. Manomin Zamfara ko Katsina da sai ya biya 'yan bindiga kafin ya shiga gonarsa, shi malalaci ne? Tafkin Chadi da ya janye ƙwarai daga girman da yake da shi a shekarun 1960, masunta da makiyayan da suka dogara da shi ina suka nufa? Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, nawa ya ƙara wa kuɗin mota da kwanon masara? Ko kana goyon bayan wani mataki ko kana adawa da shi, aikatau ya tilasta maka ka zo da dalili.

Akwai wanda ya yi wannan dabara tun kafin a haife mu. Walter Rodney, masanin tarihi ɗan ƙasar Guyana da ya koyar a Jami'ar Dar es Salaam, ya fitar da littafi a 1972 mai suna How Europe Underdeveloped Africa. A lokacin kowa yana amfani da underdeveloped a matsayin sifa, ƙasashe marasa ci gaba. Shi kuma ya ɗauke ta ya mayar da ita aikatau, ya sa mata aikau a gaba, Turai, ya sa mata karɓau a baya, Afirka. Tun daga bangon littafin gardama ta fara. Har yau masana suna jayayya a kan hujjojinsa, amma ba wanda ya isa ya ce tambayar ba ta da muhalli.

Sai dai kuma a nan zan ja mana kunne, mu matasa. Aikatau yana neman aikau, amma bai ce kullum aikau ɗin yana Abuja ko Landan ba. Wani lokacin fari ne, kamar wanda ya afka wa yankin Sahel a 1973 da 1974. Wani lokacin kuma muna cikin jimlar da kanmu. Shugaban ƙaramar hukumar da ya bar asibitin ƙauye ba ko ma'aikacin jinya, ɗanmu ne. Ɗan kasuwar da ya ɓoye hatsi sai ya yi tsada, a sahu ɗaya muke salla da shi. Uban da ya cire 'yarsa daga aji uku ya ɗora mata tallan gyaɗa, maƙwabcinmu ne. Wanda ya karɓi taliya da sabulu ranar zaɓe ya dangwala, kada mu yi nisa wajen nemansa. In za mu tambayi wa ya talauta mu, to mu shirya jin amsar ko da ba ta yi mana daɗi ba. Kuma duk wanda ya ɗora laifi a kan wani, ya kawo hujja, domin magana zarar bunu ce.

Haka nan ku lura da wayon masu rubuta sanarwa. Za ka ji an ce many families were impoverished, iyalai da yawa sun shiga talauci, a sa aya a nan. Nahawu ya halatta a jefar da mai aikin, ba a yi kuskure ba. Amma kai mai karatu, duk inda ka ga irin wannan jimlar, ka nemi ɗan guntun nan by da abin da ya kamata ya biyo bayansa. In babu, ka tambayi kanka, mantuwa aka yi ko kauce wa aka yi? Mu ma muna da irinta, an ce, an yi, an kwashe. Wannan an ɗin ta rufa wa mutane da yawa asiri a ƙasar nan.

Nahawu ba zai sauke farashin shinkafa ba, wannan gaskiya ne. Amma wanda zai rubuta takardar koke ga ɗan majalisarsa, ko ya nemi tallafi don ƙungiyar unguwarsu, ko ya tsaya gaban 'yan jarida, da kalmomi zai yi yaƙin. In ya ce mu talakawa ne a taimaka mana, abin da zai samu shi ne buhun shinkafa da hoto. In ya ce ga abin da ya talauta garinmu, gadar nan da ta karye shekara kaza ta raba mu da kasuwa, ga abin da muke so a gyara, to ya zo da maganar da dole a amsa ta.

Mu taƙaita kafin lokaci ya ƙure. Poor sifa. The poor tana aikin suna, kuma jam'i. Poverty suna. Poorly bayanau, ma'anarta ba da kyau ba. Impoverish aikatau. Impoverished aikatau ko sifa, gwargwadon mazauninta. Impoverishment suna. Pauper suna. Indigent daban, indigene daban.

Ga aikin gida. Kowa ya rubuta jimla ɗaya da impoverished a matsayin aikatau, a kan unguwarsu ko ƙauyensu, ya sa aikau na gaskiya wanda zai iya kare shi da hujja. Sannan ya mayar da jimlar Hausa da kalmar talauta, ya karanta wa wani dattijo a gidansu, ya ji ko zai yarda. Na tabbata hirar da za ta biyo baya za ta fi wannan shirin tsawo.

Wanda yake da ƙani ko ƙanwa mai shirin jarrabawa, ya tura masa wannan darasi.  Sai mun haɗu a shiri na gaba, Allah Ya yaye mana, Ya ba mu abin da za mu rufa wa kanmu asiri. Wassalamu alaikum.